Shafi 45 a Kan Teburin Oga: Shari'ar Shekara Goma Kan Hirar Wani Ma'aikaci a Romaniya

Asalin lamarin, 2004 zuwa 2006

Mutumin da wannan nazari ya shafa injiniya ne ɗan ƙasar Romaniya, an haife shi a 1979. Ranar 1 ga Agusta, 2004 ya kama aiki a reshen Bukarest na wani kamfani mai zaman kansa, aikinsa shi ne sayar da kayan kamfanin da kula da masu saye. Kamfanin ne da kansa ya umarce shi ya buɗe akawun a Yahoo Messenger domin amsa tambayoyin abokan ciniki. Ga wanda bai riski zamanin ba, wannan manhaja ita ce ke yin aikin da WhatsApp ke yi mana yanzu, sai dai a kwamfutar tebur aka fi buɗe ta. Kana ganin wanda ke kan layi, ka rubuta masa, ya maido maka da amsa nan take. Ban da akawun ɗin aiki, injiniyan yana da wani nasa na kansa a manhajar.

Kamfanin yana da dokokin cikin gida a rubuce. Sashe na 50 ya hana ma'aikata amfani da kwamfuta, da tarho, da injin fotokofi, da sauran na'urorin ofis don biyan bukatar kansu. Injiniyan ya karanta, ya sa hannu ranar 20 ga Disamba, 2006. A riƙe wannan, domin a kansa shari'ar za ta juya daga baya: dokar ta yi hani, amma ko a layi ɗaya ba ta ce kamfani zai riƙa leƙa abin da ma'aikaci ke rubutawa ba.

Takardar gargaɗi, 3 ga Yuli 2007

A ƙarshen watan Yuni na 2007, hedikwatar kamfanin da ke birnin Cluj ta rubuta sanarwa ga dukkan ma'aikata. Ta iso ofishin Bukarest ranar 3 ga Yuli. Harshenta mai zafi ne. Ta ce a zo aiki don aiki, a bar matsalolin gida a gida, kada a ɓata lokacin kamfani a intanet da tarho. Ta ce mai kamfani yana da hurumin sa ido a kan aikin ma'aikata da hukunta mai laifi. Sannan ta kawo labarin wata ma'aikaciya da aka sallama, cikin dalilan har da amfani da intanet da tarho da fotokofi don harkar kanta. Wato gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Injiniyan ya sa hannu a wannan takarda a wata rana tsakanin 3 da 13 ga Yuli. Kotunan ƙasarsa ba su taɓa tantance ainihin ranar ba, ga shi kuwa a tsakanin kwanakin nan ne aka fara naɗar hirarsa. Ita ma sanarwar ta tsaya ne a kan cewa za a sa ido a kan aiki. Ba ta ce za a buɗe saƙonni a karanta abin da ke ciki ba.

Kwana tara na naɗa, da yammacin wata Juma'a

Daga 5 zuwa 13 ga Yuli, kamfanin ya naɗi duk abin da injiniyan ya rubuta da wanda aka rubuto masa a Yahoo Messenger, kai tsaye yayin da ake hirar.

Ranar Juma'a 13 ga wata, da ƙarfe 4:30 na yamma, aka miƙa masa takardar tuhuma ta farko. Ta ce an bibiyi sadarwarsa, an ga alamar yana amfani da intanet ɗin ofis don harkar kansa. An haɗa da jadawali mai nuna cewa zirga-zirgarsa a intanet ta fi ta abokan aikinsa. Ba a gaya masa an karanta saƙonnin ba. Ya amsa a rubuce cewa aikin kamfani kaɗai yake yi da akawun ɗin.

Bayan minti 50, da ƙarfe 5:20, aka sake kiransa. Wannan karon shafi 45 aka ajiye masa, hirarsa ce da ɗan'uwansa da kuma budurwar da zai aura, an buga ta a takarda. A ciki akwai maganar lafiyar jikinsa, akwai kuma irin zancen da ba ya wuce tsakanin masu shirin aure. Har da wasu saƙonni biyar da ya yi da budurwar ta akawun ɗinsa na kansa, wanda kamfani ba shi da hannu a buɗe shi.

A ranar ya rubuta wa kamfanin cewa abin da aka yi masa laifi ne a dokar ƙasa, keta sirrin wasiƙa ne. Ranar 1 ga Agusta, 2007 aka ba shi takardar sallama, shekara uku cif da ranar da ya kama aiki.

Abin da ya gwada a gida, 2007 zuwa 2008

Ƙofa uku ya ƙwanƙwasa a Romaniya, babu wadda ta buɗe.

Ya kai ƙorafi gaban masu gabatar da ƙara yana neman a tuhumi shugabannin kamfanin da laifin keta sirrin saƙonni. A Nuwamba 2007 suka ce babu abin tuhuma. Bai bi kadin wannan ba.

Ya kuma shigar da ƙara a kotun yankin Bukarest yana neman a soke korar, a mai da shi bakin aikinsa, a biya shi albashin da ya rasa da kuɗin ɓata rai. Hujjarsa ita ce tsarin mulkin Romaniya ya kare sirrin wasiƙa, don haka korar da aka gina a kan saƙonnin da aka buɗe ba bisa ƙa'ida ba ba ta da tushe. Ranar 7 ga Disamba, 2007 kotun ta kori ƙarar. Ta ce an sanar da shi dokar hani, an kuma ba shi damar kare kansa. Ta ce mai kamfani yana da dalilin sa ido, domin ma'aikaci zai iya lalata na'urorin kamfani ta intanet, ko ya aikata laifi da sunan kamfani, ko ya fitar da sirrin kasuwanci. Abin da ya fi yi masa illa shi ne amsarsa ta ƙarfe 4:30. Kotun ta ce tunda shi ne ya dage cewa aiki kaɗai yake yi da akawun ɗin, to duba saƙonnin ne kaɗai hanyar gane ko gaskiya ya faɗa.

Ya ɗaukaka ƙara. Ranar 17 ga Yuni, 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta Bukarest ta tabbatar da hukuncin, ta ce matakin kamfanin bai wuce gona da iri ba. Nan hanyar cikin gida ta ƙare.

Strasbourg, zama na farko: 2008 zuwa 2016

Ranar 15 ga Disamba, 2008 ya kai kukansa Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai da ke Strasbourg a Faransa. A nan salon shari'ar ya sauya, kuma sai an fahimci wannan kafin a gane yadda ta ƙare. Wannan kotu ba ta sauraron ƙara a kan kamfani. Ƙasa ake kai mata. Saboda haka wadda ake tuhuma yanzu ita ce gwamnatin Romaniya, zargin kuwa shi ne kotunanta sun kasa kare masa haƙƙin da sashe na 8 na yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta 1950 ya ba shi, wato mutunta rayuwarsa ta sirri da iyalinsa da gidansa da wasiƙunsa.

Kotun ta taɓa taɓo irin wannan batu. A 1997 ta ba wata babbar jami'ar 'yan sandan Ingila gaskiya saboda an saurari wayar da take yi daga ofis. A 2007 ta ba wata ma'aikaciyar kwaleji a yankin Wales gaskiya saboda an bibiyi wayarta da imel ɗinta da shafukan da take shiga. Amma waɗancan biyun ba a taɓa yi musu wani gargaɗi ba, kuma hukumomin gwamnati suke wa aiki. Shi injiniyan kamfani mai zaman kansa yake wa aiki, an hana shi, ya sa hannu, ya kuma saɓa.

Fiye da shekara bakwai fayil ɗin ya yi yana jiran layi. Ranar 12 ga Janairu, 2016 ƙaramin zauren kotun mai alƙalai bakwai ya yanke hukunci: shida suka ce ba a keta haƙƙinsa ba. Sun ce ba abin mamaki ba ne mai kamfani ya so tabbatar da cewa ma'aikata na yin aikinsu a lokacin aiki, kuma kamfanin ya shiga akawun ɗin ne da zaton hirar abokan ciniki ce a ciki. Alƙali ɗaya, Paulo Pinto de Albuquerque ɗan ƙasar Fotugal, ya ƙi yarda. Ra'ayinsa shi ne ma'aikaci ba ya ajiye haƙƙinsa na sirri a bakin ƙofar ofis duk safiya.

Jaridu da dama, musamman a Birtaniya, sun ɗauki labarin da manyan kanu cewa kotun Turai ta ba ogogi izinin karanta saƙonnin ma'aikata. Hukuncin bai faɗi haka kai tsaye ba, amma haka mutane suka ji shi.

Babban zaure, 2016 zuwa 2017

Saura ƙofa ɗaya, kuma ba kasafai take buɗewa ba. Ya nemi a miƙa shari'ar ga babban zauren kotun mai alƙalai 17. A watan Yuni na 2016 aka amince. An yi zaman sauraro ranar 30 ga Nuwamba, 2016. A wannan karon gamayyar ƙungiyoyin ƙwadago ta Turai ta shigo da bayaninta, haka ma gwamnatin Faransa. Maganar ta tashi daga ta mutum ɗaya ta koma ta duk wanda ke zama gaban kwamfutar ofis.

Ranar 5 ga Satumba, 2017 aka yanke hukunci. Alƙalai 11 suka ce an keta sashe na 8, shida suka ce ba a keta ba.

Masu rinjaye ba su ce injiniyan bai yi laifi ba. Ba su kuma ce an hana kamfani sa ido ba. Abin da suka ce shi ne dokar mai kamfani ba za ta iya shafe rayuwar ma'aikaci ta sirri a wurin aiki gaba ɗaya ba. Ana iya taƙaita ta gwargwadon bukata, amma tana nan. Daga nan suka zayyana tambayoyi shida da ya wajaba kotun ƙasa ta yi kafin ta wanke mai kamfani. Shin an sanar da ma'aikaci tun kafin a fara cewa za a sa ido, an kuma bayyana masa irin sa idon? Ina iyakar leƙen, yawan saƙonni aka ƙirga ko abin da ke cikinsu aka karanta, tsawon wane lokaci, kuma mutum nawa suka gani? Wane dalili mai kamfani ya bayar, kuma ya kai nauyin buɗe saƙo? Babu wata hanya mai sauƙi da za ta biya bukata ba tare da karanta hira ba? Me aka yi da abin da aka samo, kuma wace illa ya jawo wa ma'aikacin? Wace kariya aka tanadar masa?

Da aka ɗora hukuncin kotunan Bukarest a kan wannan ma'auni sai giɓin ya bayyana. Ba su binciki ko an sanar da shi kafin 5 ga Yuli ba. Ba su kula da cewa sanarwar ba ta ambaci karanta saƙonni ba. Haɗurran da suka lissafa, lalata na'ura da fitar da sirrin kasuwanci, misalai ne kawai. Babu wanda ya zargi injiniyan da aikata ko ɗaya. Ba su tambayi ko jadawalin zirga-zirgarsa kaɗai zai wadatar ba. Ba su auna cewa hukuncin da aka yi masa shi ne mafi tsanani da kamfani ke iya yi ba. Kuma ba su tantance lokacin da aka buɗe saƙonnin ba, kafin amsarsa ta ƙarfe 4:30 ne ko bayanta.

Alƙalai shidan da suka saɓa, cikinsu har da shugaban kotun na lokacin, Guido Raimondi, sun tsaya a kan amana. A ganinsu ma'aikacin ya san dokar, ya karya ta, aka tambaye shi ya musanta, don haka shi ya warware amanar da ke tsakaninsa da mai gidansa, kuma kotunan Romaniya sun yi awo daidai.

Abin da ya samu

Ya nemi kusan Yuro 60,000 na asarar albashi, da Yuro 200,000 na ɓacin rai. Kotun ba ta ba shi ko ɗaya ba. Ta ce tabbatar da cewa an keta haƙƙinsa ya isa diyyar ɓacin ran. Yuro 1,365 aka ce a biya shi na ɗawainiyar shari'a. Hukuncin bai mai da shi bakin aikinsa ba. Yana da kimanin shekara 28 aka kore shi, ya kusa 40 kafin a ce masa yana da gaskiya.

Bayan hukunci, 2018 zuwa 2019

A 2018, bayan sabuwar dokar kare bayanan jama'a ta Tarayyar Turai ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, Romaniya ta yi doka mai lamba 190. Sashe na 5 ya gindaya sharuɗɗa ga mai son sa ido a kan ma'aikata ta na'ura: ya sanar da su sarai tun da wuri, ya tuntuɓi ƙungiyarsu ko wakilansu, ya nuna cewa hanyoyi masu sauƙi ba su yi aiki ba, kada kuma ya ajiye abin da ya naɗa fiye da kwana 30 sai da dalili na musamman. A watan Yulin shekarar aka rufe Yahoo Messenger baki ɗaya.

Kotun Strasbourg ba ta mai da hukuncin garkuwar kowane ma'aikaci ba. A Fabrairun 2018 ta ƙi ba wani ma'aikacin jirgin ƙasa na Faransa gaskiya a kan fayilolin da aka buɗe a kwamfutarsa ta aiki, domin bai yi musu alamar sirri yadda dokar wurin ta tanada ba. A Oktoban 2019 babban zauren ya amince da kyamarorin ɓoye da wani kanti a Sifaniya ya kafa, saboda an daɗe ana ganin giɓi mai yawa tsakanin kaya da ciniki, kuma kan teburin karɓar kuɗi aka saita su, na ɗan lokaci.

Me ya faɗi, me ya ci

Abin da ya fi kayar da injiniyan a kotu uku shi ne amsarsa ta farko. Ya ce aiki kaɗai yake yi da akawun ɗin alhali ba haka ba ne, sai alƙalai suka riƙe wannan a matsayin mabuɗin da ya halasta karanta hirarsa. Ina ganin alƙalai shidan suna da hujja a nan, ba kuma zan ɓoye ba: wanda ya sa hannu a doka ya karya, sannan ya musanta, ya rage wa kansa ƙarfin magana. Neman a ɗaure shugabannin kamfani bai kai ko'ina ba. Dogaro da cewa sirrin wasiƙa ba ya taɓuwa ko ta halin ƙaƙa shi ma bai yi aiki ba, domin babu kotun da ta yarda cewa mai kamfani ba shi da ta cewa a kan kwamfutarsa da lokacin da yake biyan kuɗinsa.

Ya ci ne a lokacin da tambayar ta bar kansa ta koma kan kamfanin. Shekara tara ana tambaya ko ya yi laifi, amsa kuwa e ce kullum. Babban zaure ya tambayi wani abu daban: laifin nasa ya kai a buga hirarsa da matar da zai aura a takarda?

A nan nake tare da alƙalai 11, dalilina kuwa minti 50 ɗin nan ne. Da wuya a ce cikin wannan ɗan lokaci aka fara tattara hirar kwana da kwanaki, aka karanta, aka ware, aka buga shafi 45. Naɗar ta riga tambayar da mako guda. Kenan hujjar cewa musun da ya yi ne ya tilasta leƙen ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Ga shi kuma tun ƙarfe 4:30 kamfanin na riƙe da jadawalin da ya nuna ya fi kowa zama a intanet. Sunayen waɗanda yake hira da su kaɗai sun isa su nuna ba abokan ciniki ba ne. Da gargaɗi ake so, ko ma kora, an samu abin kafa hujja ba tare da an karanta maganar lafiyar jikinsa ba. Laifi tudu ne, kamfanin ya taka nasa ya hango na ma'aikacinsa.

Hukuncin Strasbourg ba ya hawa kan kotunan Najeriya ko Nijar. Amma yanayin ba baƙo ba ne ga duk wanda aka ba wayar ofis ko layin kamfani ya riƙa amsa kwastomomi a WhatsApp, matarsa kuma ta rubuto masa ta nan cewa yaro ba lafiya. Sashe na 37 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ambaci sirrin gida da wasiƙa da hirar tarho, kuma tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a da hukumar da ke kula da ita. Kafin duk wannan, mun tashi muna jin ayar Suratul Hujurat da ta hana bin diddigin asirin mutane, ba ta kuma cire mai gida ba.

Akwai mutum biyu da shari'ar ta yi shekara goma ba a saurare su ba, domin ba su ne masu ƙara ba: ɗan'uwan injiniyan da budurwarsa. Ba ma'aikatan kamfanin ba ne. Babu wanda ya sa hannu cikinsu a dokar 20 ga Disamba, babu wanda aka miƙa wa sanarwar 3 ga Yuli. Ita yarinyar da saurayinta take magana. Amsoshinta suna cikin shafi 45 ɗin da aka ajiye a kan tebur da yammacin Juma'ar nan, aka kuma sa su a fayil ɗin kotu.